Sharhi a Kan Darasin Manyan Lambobi: Misali Daga Jos

A garin Jos, Hausa ce harshen da ya haɗa 'ya'yan Birom da Afizere da Anaguta da Hausawa, kuma gare ta malamin lissafi kan koma idan bayani ya cije. Saboda haka muka ga dacewar duba yadda ake gabatar da manyan lambobi da Hausa a ajin firamare. Abin da muka lura shi ne darasin yakan tsaya ga karanta lamba, ba ya kaiwa ga sanin halinta.

Mu ɗauki 3,206,531, wato yawan mutanen Jihar Filato a ƙidayar 2006. Ana karanta ta: miliyan uku da dubu ɗari biyu da shida da ɗari biyar da talatin da ɗaya. Matsala ta farko tana cikin "dubu ɗari biyu da shida", domin idan aka faɗe shi shi kaɗai, yana iya nufin 206,000 ko 200,006. Ɗan kasuwar Farin Gada yana gane abin da ake nufi daga irin kayan da ake ciniki, amma ɗalibi ba shi da wannan madogara a takardar jarrabawa, balle wanda Hausa ba harshensa na farko ba ce. Muna ganin ya kamata manhaja ta tsayar da ƙa'ida: "dubu ɗari biyu da dubu shida" ga ta farko, "dubu ɗari biyu da guda shida" ga ta biyu.

Matsala ta biyu ita ce rabe-raben lamba. Hausa tana da cika da mara tun tuni, amma akan bar su a ari na Ingilishi. Lambar nan mara ce, don ta ƙare da 1, kuma wannan ya nuna ba ta rabuwa da 2 ko 5. Jimillar alƙalumanta 20 ce, saboda haka ba ta rabuwa da 3 ko 9. In aka raba ta da 7, saura 6. Haka nan babu cikakkiyar lambar da za a ninka da kanta ta ba da ita, domin 1,790 sau 1,790 shi ne 3,204,100, alhali 1,791 sau 1,791 ya kai 3,207,681. Duk wannan an bayyana shi da Hausar yau da kullum, ba tare da ƙirƙirar kalma ko ɗaya ba.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga babban lissafi: ya ƙirga wuri da zambar da keso, mai ɗauke da wuri 20,000. Gibin yana ga tsarin darasi, ba ga harshe ba. Muna ba masu tsara manhaja shawarar su daidaita karatun dubbai, su maido da cika da mara, su kuma riƙa ɗauko misalai daga muhallin yaro.