Zanen Bel da Dukancin Ƙasar Gwandu

Wandon Bahaushe bai san bel ba. Ƙubaka gare shi da mazagi: a zura, a ja, a ɗaure, riga ta sauko ta rufe kome. Saboda haka wanda ya tasam ma dukawan Gwandu ko na Kalgo yana neman tsohon tarihin bel mai ado, hannu Rabbana zai dawo. Bel da kaki ya shigo, a ƙugun sojan Turawa da ɗan doka da masinja da ɗan makarantar boko. Kayan aikin gwamnati ne tun asali, kuma har yau wanda ake ratayawa a rumfar 'yan koli mafi yawansa na roba ne daga ƙetare, wata uku ya fara ɓarewa kamar albasa.

Abin da muke da shi na kanmu shi ne ɗamara da danginta, guru da kambu da laya. Darajarsu a ciki take. Malam ya yi rubutu ya ninke, a naɗe da zare, a kai wa baduku ya rufe da jar fata ya ɗinke. Abin da ake sawa ƙarƙashin riga, ana kuma gudun idon mutane a kansa, wa zai ɓata kwana uku yana yi masa zane? Sai dai ɗan kokawa da ɗan tauri da maharbi, waɗanda ke fitowa fili da nasu, su ma yawan layun ne abin nunawa, ba kyan ɗinkin ba.

A Amurka lamarin ya bi wata hanya. Can akwai dubban mutane, malaman makaranta da direbobi da tsofaffin sojoji, waɗanda in sun taso daga aiki sai su zauna su yi ta sassaƙa furanni a jikin bel, don sha'awa kawai. Asalin aikin na masu yin sirdi ne. Mutanen Sifen suka kai shi Meziko, su kuwa sun gaje shi daga Andalus, daga nan ya haura wurin makiyayan shanu na yammacin Amurka. Wanda ya fitar da shi daga shagon masu sirdi ya kai shi ɗakunan mutane ɗan kasuwa ne, Charles Tandy, wanda mahaifinsa ke cikin waɗanda suka kafa wani kamfanin sayar da fata a garin Fort Worth na jihar Texas a 1919. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya ga ana koya wa sojoji masu jinya aikin fata don su sami abin yi da hannunsu, sai ya gane akwai kasuwa a nan. Kamfanin Tandy ya shiga sayar da fata yankakkiya tare da ƙarafa da takardar zane, wani gwani mai suna Al Stohlman kuma ya rubuta littattafan koyarwa da har yanzu ake bi.

Ga yadda suke yi. A sami ƙirgin sa mai kauri, milimita 3 zuwa 4, wanda aka jeme da ɓawon itace. A yayyafa masa ruwa, a bar shi ya sha har launinsa ya kusa komawa yadda yake amma in ka taɓa ka ji sanyi. A ɗora zane a bi shi da tsinke. Sannan a ɗauki wata 'yar wuƙa mai juyawa a tsakanin yatsu a tsaga layin, kamar sulusin kaurin fatar. Daga nan sai ƙarafa da guduma: wannan ya danne gefen layi ganye ya taso, wancan ya daddaɓe bayan fure ya nutse. In fatar ta bushe, zanen ya zauna ke nan. Ruwa ya yi yawa, zane ya kumbura ya ɓace. Ya yi kaɗan, wuƙa ta riƙa ja tana cije fatar. Rabin gwanintar sanin ruwan ne.

Yanzu da waya ta shiga hannun kowa, samarinmu na ganin wannan a YouTube, kuma Kalgo ba ta rasa irinsu ba tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013 aka kuma gina mazauninta a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Mai irin wannan sha'awa yakan fara da tambayar inda zai sami ƙarafan. Ni kuwa a ganina tambayar da ta kamata ita ce, wace fata gare mu, kuma wane irin ado take karɓa?

Fatarmu ta akuya ce. Jar akuyar Sakkwato, wadda ake kiwo daga nan har Maraɗi, ita ce ta yi suna a duniya. Ayari ya riƙa ƙetara Sahara da fatarta, Turawa suka saye ta a bakin tekun Arewacin Afirka suka laƙaba mata sunan Maroko, suka yi wa manyan littattafansu bango da ita. Wani matafiyi, Heinrich Barth, da ya zauna Kano a 1851, ya ƙiyasta takalman da ake fitarwa daga birnin a shekara sun kai na wuri miliyan 10, jemammun fatu kuma na miliyan 5, wasu har Tarabulus. Majemi yakan jiƙa fatar, ya tsoma ta a ruwan toka har gashi ya saki, ya karce da kartaji, ya sa ta a ruwan kashin kaji ta yi laushi, sannan ta kwana a ruwan dakakkiyar bagaruwa. A wanke, a shafa man gyaɗa, a shanya, a yi ta ja ana murzawa. Abin da ke fitowa ƙarfi gare shi da santsi, amma kaurinsa da ƙyar ya wuce milimita 1. Ka sa masa waccan wuƙa mai juyawa, ka huda shi.

To, inda fata ta fi taushi nan akan mai da jima. Da baduku ya ga fatarsa ba ta da zurfin da za a sassaƙa, sai ya koma ga launi. Ja daga karan dafi da kanwa. Rawaya daga gangamau. Baƙi daga kuloko, wato kashin maƙera da aka jiƙa da abu mai tsami ko zaƙi aka bari ya ruɓa. Kore kuwa, korino, da garin jan ƙarfe ko tagulla ake samunsa, shi ne mai tsada, shi ya sa ake tsimi da shi, ɗan ƙyalle nan ɗan ƙyalle can. Kuloko abin kallo ne in ana sa shi. A kasko ruwa ne kawai mai dauɗa. Baduku ya tsoma bakin ƙarfe ya ja layi a kan jar fata, layin ya fito fari-fari, kafin ya kai ƙarshe farkonsa ya riga ya koma baƙi wuluk. Ƙarfen da ke cikin ruwan ne ke haɗuwa da sinadarin bagaruwar da ke cikin fatar, don haka baƙin ba fenti ba ne da zai goge, a cikin naman fatar yake. Masu sha'awar can Amurka ma suna yin irinsa da ruwan khal da zaren ƙarfe, suna ji da shi kamar wani sirri.

Bayan launi sai aska. Akwai aikin da nake ganin ya fi kowane nuna hannu: a kan fatar da aka riga aka tura ja, baduku ya tsaga siffar da yake so sama-sama, ya sa bakin aska ya ɗago 'yar fatar sama, ya ɓare ta a hankali, farin ciki ya bayyana. Ja da fari ke nan a fata ɗaya, babu liƙi babu ɗinki. Hannu ya ɗan yi nauyi, an yi asarar fata. Akwai kuma huda zane a shimfiɗa korino a ƙasa ya riƙa leƙowa, da ɗinki da siraran tsirkiyoyin fata da basilla, da tuntaye da geza. Buga ƙarfe ma ba baƙonmu ba ne, ana yin sa a bangon littafi, ƙananan da'irori da ɗigo-ɗigo da ake jerawa su cika fili. Zanen kansa ba ganye ba ne ba fure ba: dagi ne, da murabba'i cikin murabba'i, da layuka masu sarƙa, 'yan uwan zayyanar allo da ta gefen Alƙur'ani rubutun hannu.

Nan ne Gwandu ta shigo da ƙarfinta. Gari ne da Shehu Usmanu ya zauna bayan 1805, kafin ya koma Sifawa, kuma da aka raba kula da daula a 1812 yamma ta faɗa hannun ƙanensa Abdullahi, mai Liya'ut Tawili da Tazyinul Waraƙati, wanda hubbarensa ke garin. Littafin malaman wancan zamani warƙa-warƙa yake, ba a ɗinke shi. Abin da ke riƙe shi tadarishi ne, abin da ke ɗaukarsa gafaka. Duk malamin da ya kwafi littafi, sai ya bi ta wurin baduku kafin littafin ya iya tafiya. A Gwandu ne Barth, a 1853 zamanin Sarki Halilu, ya sami aron Tarikhus Sudan ya kwashe kwanaki yana kwafar abin da ya iya, yana zaton na Ahmad Baba ne alhali na Abdurrahman Assa'adi ne. Wannan littafi na Tumbutu bai iso nan tsirara ba. Ga kuma doki: linzami da kamazuru da majayi da kube da takalmin hawa. Malami da barde su ne suka riƙe baduku, su ne masu biyan aikin da ke cin lokaci.

Su biyun kuwa sun ja baya. Fada ta bar garin Gwandu, ta zauna Birnin Kebbi, dawakin sarauta suka bi ta. Alƙur'ani ya koma bugun inji da bangon kwali, almajiri na sa shi a jakar leda. Aikin ƙawa ya tattara a manyan birane, Shiyar Maɗunka a Sakkwato da Unguwar Dukawa da Kasuwar Kurmi a Kano, inda ake yi wa baƙi tumtum da jakunkuna. Badukun ƙaramin gari ya rage da rufin laya, kuben wuƙa, gyaran takalmi da guga. Ba hannun ne ya mutu ba, mai saye ne ya tafi.

A irin wannan hali mai yi don sha'awa yana da amfanin da ba a lura da shi. Baduku ba zai iya ba bel ɗaya mako guda ba, domin cefane na jiransa da yamma. Ma'aikaci mai albashi zai iya. Kuma kada a ce aikin hannu don nishaɗi baƙon abu ne a wurinmu. Malamai nawa ne suka yi suna da ɗinkin aska takwas a zaure tsakanin karatu da karatu? Almajirai da matan aure nawa ke ɗinkin hula? Allura dai ba ta da gidan gado, basilla kuwa tana da shi. Dukanci sana'ar gado ce, da sarkinta da iyakokinta, kuma jama'a ba su ajiye ta a sahun gaba ba, balle jima mai wari. Ɗan boko ya durƙusa a rumfa ya ce, "Baba, so nake a koya mini," amsar farko da zai ji ita ce, "Yaro, ɗan gidan wa kake?" In ya ce ba don sayarwa yake so ba, sai a ƙara kallonsa. Wanda ya shigo sana'a daga waje shigege ake ce masa, kuma ba yabo ba ne. A gida ma za a tambaye shi ko karatun ne ya gagara.

Wannan shingen ana ƙetare shi da ladabi da goro da yawan zuwa, musamman yanzu da 'ya'yan dukawa da yawa suka koma acaba da gyaran waya. Abin da nake ƙi shi ne saurayi ya ƙetare shi sannan ya zauna kwaikwayon furen garin Sheridan na jihar Wyoming da ƙarafan da ya yi oda da dala. Zai yi shekaru bai kamo na can ba, na nan kuma ya wuce shi. Bel doguwar tsirkiya ce mai faɗin yatsa biyu, kuma irin wannan fili shi ne maratayin gafaka da kamazuru suka saba cikawa tun tuni. A yi ciki da ƙirgi don ƙarfi, a rufe da jar fatar akuya, a ja layin kuloko, a ɓare dagi, a ɗinke baki da tsirkiya. Ƙarafan bugu kuwa maƙerin unguwa zai fitar da su daga tsohuwar ƙusa.

Ƙirgin ne matsala, kuma ita ce babba. Fatar shanu a Nijeriya tukunya take shiga, ganda ta fi majemi biya. Wadda ta tsira zuwa masana'antun Kano, a Challawa da Sharaɗa, yawanci da sinadarin kurom ake jeme ta, irin wannan kuwa ba ta riƙe bugun ƙarfe, kuloko ma ba ya kama ta. Cibiyar binciken fata da ke Samaru a Zariya ta daɗe tana kuka da yadda ake cinye fatu da yadda ake ɓata su tun wurin fiɗa. Bel na babban mutum yana son tsirkiya mai tsawon fiye da mita 1 daga gadon bayan sa, babu tabon lalas, babu cizon kaska, babu inda wuƙa ta zarce. Mai son ya samu sai ya yi sammako zuwa mahauta ya tsaya a kan mai fiɗa, ya biya fiye da mai ganda, ya sa gishiri tun fatar da ɗuminta, sannan ya nemi majemin da zai yarda ya bar ta makonni a ruwan bagaruwa maimakon 'yan kwanakin da ya saba ba fatar akuya.