Maɗamin sarƙa bai ɓata asalin tsohon babur ba

Masu raya tsofaffin baburan daji a Ingila da Sifen da Amurka sun daɗe suna sa-in-sa a kan wani ɗan ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba. Hannu ne mai sifirin, a bakinsa akwai 'yar taya ko guntun roba, ana ɗaura shi a ƙarƙashin sarƙa ya riƙa tokare ta don kada ta yi lilo. Wasu na cewa duk wanda ya ƙara shi a babur ɗin da bai fito da shi ba ya ɓata tarihi. Ni kuwa ina ganin matuƙar hawa babur ɗin ake yi, wannan maɗamin shi ne ma ke tsare tarihin.

Dalilin yana cikin ƙirar babur ɗin kansa. Ƙaramin faranti mai haƙora da ke jan sarƙa yana jikin inji, shi kuwa hannun da ke riƙe da tayar baya yana juyawa ne a kan wata ƙusa da ke can bayansa. Tunda ba wuri ɗaya suke ba, tazarar farantin gaba da na baya tana canzawa duk sanda taya ta hau ko ta sauka. Sarƙa tana kai maƙurar ɗamewa idan farantin gaba da ƙusar da akisal ɗin baya suka daidaita a layi ɗaya, a sauran wurare kuma sai ta saki. Dole ne bakanike ya bar mata rara, in ba haka ba ta cinye boris ko ta tsinke. Matsalar ta ƙaru a tsakiyar shekarun 1970, bayan Håkan Andersson ya ci gasar duniya ta 1973 a kan Yamaha mai shokazoba guda, kamfanoni suka shiga rige-rigen ƙara wa tayar baya nisan motsi. Yau ma da yawa daga masu gyara suna sa wa tsohon babur shokazoba mafi tsawo, sannan su yi mamakin yadda sarƙa ke dukan ƙarfe kamar ganga.

Kuma ai maɗami ba baƙon abu ba ne a wancan zamani. Baburan wasan hawa duwatsu a hankali, irin su Yamaha TY250, da maɗaminsu suka fito daga masana'anta. A wannan wasa mahayi yana tafiya ne kamar hawainiya a cikin rafi mai santsi, sa ƙafa a ƙasa sau ɗaya ya ja masa maki na hukunci. Idan sarƙa ta saki, yana murɗa totur sai a ɗan yi jinkiri, sannan babur ya fizge, taya ta zame a kan dutse. Wanda ke shiga gasar tsofaffin babura ta Kinlochleven a Sikotlan yana bin irin duwatsun da aka daɗe ana bi, don haka buƙatarsa ba ta bambanta da ta mahayan da ba.

Masu kishin asali za su ce babur ɗin da ya kwana shekara hamsin ba tare da ƙarfen ba, me zai sa a liƙa masa yanzu? Suna da gaskiya a kan wanda ke ajiye a gidan tarihi irin na Sammy Miller da ke New Milton, wannan kam a bar shi yadda yake. Amma a duba abin da ke faruwa idan sarƙa ta goce ana cikin tafiya: tana dunƙulewa a gaban ƙaramin faranti ta fasa jikin inji, mai ya tsiyaye. Maɗami ana kwance shi da sifana cikin 'yan mintuna, jikin injin Bultaco kuwa, kamfanin da ya rufe tun 1983, sai an yi cigiya kafin a samu. Sharaɗina ɗaya ne, a ɗaura shi da noti a ramin da ke akwai, kada a kai walda ko abin huda jikin firam.

Sukar da ta fi nauyi daga bakin makanikai take fitowa, cewa maɗami yana rufa wa sarƙar da ta mutu asiri. Haka ne, kuma a nan ne yayin ɗaura maɗami ya fara lalacewa. Sarƙar da ta ci ta miƙe za ta yi shiru in an tokare ta, alhali tana can tana gwaguyar haƙoran faranti har su lanƙwashe kamar ƙugiya. Sai dai laifin na mai babur ne da ya daina dubawa. Gwajin ba wuya: a kama sarƙa a can bayan babban faranti a ja, in ta ɗago har aka ga rabin haƙori, ta gama aiki. Haka kuma sai an danne maɗamin gefe kafin a auna rara, a kuma bar masa wurin sauka, domin da zarar an saki totur a gangare, layin sarƙa na ƙasa ne ke ɗamewa ya tura shi ƙasa da ƙarfi.