Ƙanzo, Zafi da Laima: Nazarin Al'adar Kula da Lofe

Al'adar kula da lofe ba ta kai shan lofen kansa tsufa ba. Tun ƙarshen ƙarni na 16 da taba ta samu gindin zama a Ingila, daga baya kuma a Holan, lofen yumɓu fari ake sha, mai araha ƙwarai, wanda garin Gouda ya yi suna wajen yin sa. In ya fashe a yar, a ɗauki wani. In kuma ya yi baƙi da dauɗa, gidajen baƙi sukan tara nasu a wata ragar ƙarfe su cusa cikin wuta, ya fito fari tas. Wanda ya taɓa ganin lofen yumɓun da tsofaffi ke sha a ƙauyukan ƙasar Hausa ya san irinsa: tukunya ce ƙarama, wuta ce ta haife ta, don haka wuta ba ta ba ta tsoro.

Labari ya canza a tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da masassaƙan garin Saint-Claude na Faransa suka koma yin lofe da icen biraya. Wannan ice dunƙule ne mai tauri da ke fitowa tsakanin saiwa da gindin wani ɗan itace na ƙasashen bakin Bahar Rum, irin su Italiya, Girka, Aljeriya da tsibirin Kosika. Sai itacen ya shekara talatin ko fiye kafin dunƙulen ya isa sassaƙa. Bayan an tono shi a yanyanka, a dafa shi sa'o'i masu yawa don fitar da ruwan jikinsa, sannan a shanya shi wata da watanni. Abin da aka sha wannan wahala a kansa ba a jefar da shi. Daga nan lofe ya zama kaya mai daraja, har shaguna irin na Alfred Dunhill, wanda ya buɗe a Landan a 1907, suka mai da shi abin ƙawa na masu hali. Sai dai akwai wani abu da babu yadda aka iya da shi: ana hura wuta ne a cikin ice, kullum, ana kuma so icen ya shekara hamsin bai ƙone ba. Kusan duk ƙa'idojin da mashaya ke bi daga wannan matsala suka fito.

Abin da ke tsakanin wuta da ice shi ne ƙanzo. Toka da maiƙon taba da ɗan zaƙin da ke cikin ganyen su ke haɗuwa su manne a bangon tukunyar lofe, su yi baƙin ɓawo mai tauri, kamar wanda tuwo ke bari a gindin tukunya. Sabon lofe ba shi da wannan kariya, shi ya sa ake lallaɓa shi: a zuba taba rabi, a ja a hankali, a bari ta cinye har ƙasa domin ƙanzon ya kama gindi kamar yadda ya kama sama. Wasu kan shafa zuma ɗan kaɗan a ciki don ya yi saurin kamawa, wasu kuma na ganin wannan ɓata lokaci ne, gardamar ba ta ƙare ba har yau. Mai gaggawa, wanda ke zuƙa ba ƙaƙƙautawa har tukunyar ta gagari riƙo a tafin hannu, shi ke gamuwa da mafi munin lahani. Da fari wani ɗan tabo mai duhu ke bayyana a jikin lofen daga waje, hayaƙin ya soma ɗanɗanon ƙonannen ice. A ciki kuwa wurin ya riga ya zama gawayi, farce ma na iya tone shi. Idan ya huje, sai dai ciko, kuma ba ya komawa yadda yake.

Amma ƙanzon da ke ceton lofe shi ne kuma ke fasa shi. Gawayi da ice ba sa buɗewa daidai idan sun ɗauki zafi. In aka bar ƙanzo ya yi kauri har ɗan yatsa ba ya shiga tukunyar, yana tura bangon daga ciki har wata rana a ga tsaga ta sauko daga baki. Ma'aunin da aka saba bayarwa shi ne kaurin kwabo, wato milimita ɗaya zuwa biyu. Abin da ya wuce haka a kankare shi da makankari mai dakusasshen baki. A nan ne mai son tsabta fiye da kima kan yi tasa ɓarnar: ya ɗauko wuƙar aljihu mai tsini ya yi ta sassaƙa har ya kai ga ice, ramin ya karkace, wani gefen ya fi wani siranta. Masu gyaran lofe suna ganin irin wannan rauni kamar yadda suke ganin na sakaci, ko ma fiye.

Bayan zafi, maƙiyi na biyu laima ce. Ganyen taba na da ruwa, ƙonewa ma na haifar da tururi, ga kuma yawun mai sha. Duk suna taruwa a gindin tukunya da cikin wuyan lofen. Alamar farko ita ce wata ƙara ta ɓur-ɓur idan an ja, daga nan sai wani baƙin ruwa mai ɗaci ya taɓa harshe, a ƙarshe lofen ya yi tsami, ɗaki duka ya ɗauka. Tsofaffin mashaya da gashin tsuntsu suke share ramin. A farkon ƙarni na 20 aka ƙirƙiro wata siririyar waya naɗe da auduga a garin Rochester na Amurka, ita ce har yanzu ake zurawa bayan kowane sha. Kamfanin Peterson na Dublin ya bi ta wata hanyar tun ƙarshen ƙarni na 19, ya haƙa wata 'yar rijiya a cikin wuyan lofe inda ruwan ke sauka kafin ya kai baki. Ita ma in ba a share ta ba, masai ce.

Daga nan ne ƙa'idar hutar da lofe ta samo asali, wato a bar shi yini ɗaya ko biyu ya bushe kafin a sake cika shi. Hujjar tana da ƙarfi. Sai dai yana da kyau a lura da wanda ya fi cin ribarta. Shaguna sun daɗe suna sayar da akwatin lofe bakwai, kowanne da ranarsa a mako. Talakawan Turai kuwa, masunta da 'yan haƙar kwal, lofe guda suke da shi, suna sha safe da yamma shekara da shekaru. Nasu yakan yi tsami, gaskiya ne, amma bai narke ba. Hutun na da amfani, lissafin bakwai ɗin na ɗan kasuwa ne.

Karyewa kuma kusan kullum a wuri guda take faruwa, wajen ɗan hancin karan baki da ke shiga cikin wuya. Wanda ya zare karan alhali lofen na da zafi, ko ya fizge shi maimakon ya murɗa a hankali, ko dai hancin ya karye a ciki ko wuyan ya tsage, ko kuma mahaɗin ya saki har abada. Haka wanda ke ƙwanƙwasa lofe a dugadugan takalmi ko a jikin bango don toka ta zube. Bakin tukunyar na lotsewa, nauyin dukan kuma a hancin yake sauka. Wutar laita mai feshi ita ma takan babbake bakin cikin 'yan kwanaki, abin da ashana ba ta cika yi ba.

Karan da ake sawa a baki yana da nasa ciwon. Yawancin tsofaffin lofe da baƙar roba mai tauri ake yi musu kara, wadda ake dafawa da farar wuta. Tana da daɗin riƙo a haƙori, amma rana da yawu suna fito da farar wutar fili, baƙin ya koma kore-kore mai ɗaci. Wanda ya bar lofe a bakin taga, ko ya wanke karan da ruwan zafi, zai ga haka nan da nan. Haƙori ma na cin rabonsa. Lofen Albert Einstein da ke ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a Washington yana ɗauke da tabon tauna a karansa.

Duk waɗannan ƙa'idoji na biraya ne, kuma kuskure mafi yawa shi ne ɗora su a kan lofen da ba na ice ba. Akwai farin dutse mai laushi da ake haƙowa kusa da Eskişehir a Turkiyya, wanda Jamusawa suka raɗa wa suna kumfar teku. Ba ya ƙonewa, don haka ba ya buƙatar ƙanzo. In ma aka bari ya taru, fasa shi zai yi. Ana tsoma shi cikin kakin zuma bayan sassaƙa, da shan yau da gobe yake rinewa daga fari zuwa ruwan zuma har ya yi ja mai duhu, wasu ma ba sa taɓa shi sai da ƙyalle don kada yatsu su bar shaida. Lofen totuwar masara kuwa, wanda Henry Tibbe ya soma sassaƙawa a jihar Misuri a 1869, ya tsaya kusa da na yumɓu: a sha har gindinsa ya ƙone, a sayi wani.

Tsabtar lofe ba ta rage komai daga illar tabar da ke cikinsa. Tun 1795 likitan Jamus Samuel Thomas von Sömmerring ya lura da sankarar leɓe a wurin masu shan lofe, binciken zamani kuma ya ƙara da ta harshe, maƙogwaro da huhu.

Da shan lofe ya ja baya, wata sana'a ta bunƙasa: saye da gyaran lofen da wasu suka sha suka bari. Mai gyara kan kankare tsohon ƙanzo, ya cika tukunyar da gishiri, ya ɗiga barasa mai ƙarfi har gishirin ya jiƙe, ya ajiye ya kwana. Da safe gishirin ya koma ruwan ƙasa, ya tsotse maiƙon shekaru. Wani warin ba ya fita da sauƙi, musamman na tabar Latakiya da ake busarwa da hayaƙi, wadda ta samo sunanta daga wani gari na bakin teku a Siriya. Sai an maimaita sau biyu ko uku. Wasu masu gyaran sun fi son auduga a kan gishiri, don suna zarginsa da tsaga ice. Kafin ya sayi tsohon lofe, gwani yakan haska fitila cikin tukunyar ya nemi taushin gawayi a bango, ya shafa wuyan da yatsa ko zai ji tsaga, ya murɗa karan ya ji ko mahaɗin na riƙe, sannan ya kai hanci ya shinshina.