SHARHIN FIM: 'Small Things Like These' da shirun mutanen gari

Mai karatu, in faɗa da rawa kake nema, ajiye kuɗinka. Wannan fim na 2024, wanda darakta Tim Mielants ya ɗauko daga littafin Claire Keegan na 2021, tafiyar hawainiya yake yi. Amma in ka daure, zai kwana a ranka.

Labarin ya faru ne a New Ross, wani ɗan gari a ƙasar Ailan, gab da Kirsimetin 1985. Bill Furlong (Cillian Murphy) mai sayar da kwal ne, yana da 'ya'ya mata 5. Wata asuba ya kai kaya gidan sistocin Katolika, sai ya tarar da wata yarinya, Sarah, a kulle cikin rumbun kwal, sanyi na neman halaka ta.

Irin wannan gida ba ƙirƙira ba ne. Ana kiran su gidajen wanki na Magdalene, inda ake kai wadda ta yi cikin shege, ko marainiya, ko wadda iyaye suka ga za ta kunyata su. Wanki da guga suke yi wa otal-otal, asibitoci, har da gwamnati, ba a biyan su ko sisi. Rahoton McAleese na 2013 ya ce mata kusan 10,000 ne suka shiga gidajen daga 1922, ƙaramarsu 'yar shekara 9, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu hukumomi ne suka tura su. Sai a 1996 aka rufe na ƙarshe a Dublin. A 2013 Firayim Minista Enda Kenny ya nemi gafararsu.

A fim ɗin 'The Magdalene Sisters' na 2002, Peter Mullan ya shigar da mu cikin gidan mun ga duka da aske kai. Shi kuwa Mielants a waje ya tsayar da mu, cikin mutanen da suka san komai suka tsuke baki. Nan ƙarfin fim ɗin yake. Matar Bill ba muguwa ba ce, amma ta ce ya fita harkar da ba tasa ba, don makarantar 'ya'yansu a hannun sistocin take. Ka kuma lura da fitowar da shugabar gidan (Emily Watson) ta ba shi shayi, ta tambayi lafiyar 'ya'yansa, sannan ta miƙa masa ambulan na kuɗi. Ko ɗaga murya ba ta yi ba, amma ya gane kashedi ne. Ba banza ta ci kyauta a bikin finafinai na Berlin ba.

Inda fim ɗin ya gaza shi ne wajen Sarah. An ɓata lokaci kan yarintar Bill, wanda shi ma uwarsa ba da aure ta haife shi ba, ita kuwa yarinyar da aka zalunta 'yan kalmomi kawai aka ba ta. Wato ko a fim ɗin da aka yi dominsu, namiji ne ke riƙe da labarin.

Duk da haka ka neme shi. A ƙarshe Bill ya fito da ita, suka ratsa gari a ƙafa jama'a na kallo. Daraktan bai nuna mana abin da zai biyo baya ba, amma mun san wa ke riƙe da cinikinsa da karatun 'ya'yansa.