Highlight API: Wallahi An Gama Mana Komai!

Duk mai rubuta JavaScript ya san wuyar da ake sha wajen shafa wa rubutu launi a shafin intanet. Mai karatu ya ja linzami a kan jimla, ka kira window.getSelection(), ka ciro Range ɗin da ke ciki. Har nan lafiya lau. Rigima tana tashi ne idan zaɓin ya faro daga tsakiyar rubutu mai kauri ya zarce sakin layi na gaba. Ka ce surroundContents() ya naɗe shi da span, sai ya ce atafau, ya jefo maka kuskure. Dole ka zauna kana yanyanka rubutun gunduwa-gunduwa da hannunka, shafin ya cika da tarkace.

A da ma abin ya fi haka muni. Kafin Internet Explorer 9 ya fito a 2011, Microsoft na da nata tsarin daban, document.selection, har sai da Tim Down ya rubuta Rangy don ya sasanta burauzoji. Allah ya saka masa da alheri.

To yanzu ga CSS Custom Highlight API, kuma ni dai ya tafi da imanina! Ka ɗauki Range ɗinka, ka saka shi cikin new Highlight(), ka yi masa rajista da suna a CSS.highlights, sannan ka ba shi launi da ::highlight() a CSS. Shi ke nan fa! Launi ya hau, amma ko gezau ginin shafin bai yi ba. Ba span, ba yanka. Zaɓi ya tsallake sakin layi uku? Ko a jikinsa. Ka gaji da launin, ka kira clear(), ya ɓace kamar ba a yi ba. Ga mai gina akwatin bincike da ke haska duk inda kalma ta bayyana, wannan gata ne babba.

Chrome ya karɓe shi tun sigar 105 a 2022, Safari ya biyo a 17.2, Firefox kuwa sai da ya ja mana rai har 2025.

Masu ƙorafi za su ce ba ya canza girman harafi, iyakarsa launi, ja layi da inuwa. Gaskiya ne, kuma da gangan aka yi, domin kada rubutu ya motsa daga inda yake yayin da mutum ke tsaka da karatu. Ni hakan ma ya ƙara burge ni!