Mafarkin Cobb da Haƙƙin Mamaciya: Nazari a Kan Fim ɗin Inception

Wani dare cikin hunturu, a Sae Sabuwa, samari suka kewaye wata kwamfuta a bakin shagon caji suna kallon Inception da aka juya zuwa Faransanci, wani ɗan makaranta yana yi musu tafinta. Kawuna na gefe a kan tabarma, ya ja mayafi har kunne, carbi a hannu, ka rantse ba ya sauraro. Da fim ya ƙare gardama ta kaure a kan ɗan ƙarfen nan da jarumin ya murza a kan tebur, mai juyi kamar katantanwar yara: ya faɗi ko bai faɗi ba? Sai Kawu ya yi gyaran murya ya ce, "Ku yaran nan, mutumin da ya ja wa matarsa halaka, gafarar wa ya nema?" Wani ya ce, "Kawu, ai ita ta faɗo da kanta." Ya ce, "Na ji. Wa ya sa mata abin a rai?"

Tambayar nan ta fi ta katantanwa nauyi, kuma a kanta zan tsaya.

Christopher Nolan ne ya rubuta fim ɗin ya kuma ba da umarni, ya fito a 2010. Leonardo DiCaprio ya fito a matsayin Dom Cobb, ɓarawon da ke kutsawa cikin mafarkin mutane da wata na'ura yana sato musu asiri. Wani attajiri, Saito, ya ɗauke shi aiki iri dabam: ya dasa wa Robert Fischer, magajin wani hamshaƙin kamfanin makamashi, tunanin ya wargaza dukiyar ubansa. Ladan aikin shi ne a share tuhumar kisan kai da ta hana Cobb komawa Amurka wurin 'ya'yansa biyu. Za a yi aikin cikin jirgin sama daga Sidni zuwa Los Anjalas, tafiyar awa 10, a mafarki hawa uku, kowane hawa lokaci na ƙara miƙewa: mako guda a na farko, wata shida a na biyu, shekara goma a na uku.

Wannan lissafi shi ke burge masu kallo, amma ado ne. Gundarin labarin matar Cobb ce, Mal. Sun taɓa nutsewa tare can ƙarƙashin mafarki har suka yi kamar shekara 50, ita ta miƙe ƙafa ta ƙi dawowa. Sai Cobb ya shiga zuciyarta a ɓoye ya dasa mata cewa duniyar da take ciki ba ta gaskiya ba ce. Dabarar ta ci, suka farka. Amma abin da ya shuka bai daina tsiro ba. A farke ma ta ci gaba da ganin mafarki take yi, har ta faɗo daga tagar otal don ta "farka". Tun daga nan duk mafarkin da ya shiga sai ta ɓullo ta ɓata masa aiki, wani lokaci da wuƙa, wani lokaci da bindiga. Wanda ya zauna a ajin Faransanci ko na shekara biyu ne ya san abin da kalmar mal ke nufi: sharri, ko ciwo. Waƙar da Cobb da abokan aikinsa ke sakawa don sanar da juna lokacin farkawa kuwa ta Edith Piaf ce, ta 1960, wadda jigonta duka shi ne ƙin yin nadama. Marion Cotillard da ta fito a Mal ita ce ta fito a matsayin Piaf a wani fim na 2007.

Ba Nolan ya fara wannan salo ba. A Solaris na Andrei Tarkovsky, 1972, wani masani ya je tashar sararin samaniya ya tarar da matarsa da ta kashe kanta ta dawo masa, an ƙera ta daga abin da ke cin ransa. Haka wannan reshe na finafinan ƙagen kimiyya yake: na'ura da taurari hanya ce kawai ta zaunar da mai laifi gaba da gaba da wanda ya cuta. Namu ƙagen, irin Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo (1969), ya fi karkata ga yawon buɗe ido da al'ajabin halitta.

To a ina muka raba hanya da su? A wurin asalin mafarki. Abin da aka karantar da mu shi ne mafarki iri uku ne: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen zuci, wato abin da mutum ya yini yana saƙawa. Shi ya sa ake tashi da safe a nufi zauren malam, a buɗe littafin fassarar mafarki da ake jingina wa Ibn Sirin na Basra. Shi ya sa labarin Annabi Yusuf da shanu bakwai masu ƙiba yake bakin kowa, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba da labarin ganin da ya yi wa Shehu Abdulƙadir Jilani a 1794, aka ɗaura masa takobin gaskiya. Inception bai san iri biyun farko ba sam. Duk mafarkinsa zancen zuci ne, gini ne da ɗan Adam ke zanawa kamar taswirar gida. Babu mai aiko da saƙo daga waje, saboda haka babu wanda za a koma gare shi.

Nan tambayar Kawu ta sami wurin zama. A garuruwanmu idan mamaci ya yawaita zuwa wa mutum a barci, ba a tsayawa dogon bincike. Sai a yi masa sadaka, a yi addu'a, a bincika ko akwai bashi tsakani. Tun a wurin jana'iza ma ake shelar duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa, kuma a roƙi jama'a su yafe masa. Malamai sun ce tuba na da sharuɗɗa: nadama, barin laifin, ƙudurin ba za a koma ba, sannan idan da haƙƙin wani a mayar masa ko a nemi yafiyarsa. Mu auna Cobb da wannan mudu.

Nadama kam yana da ita, har ta yi masa yawa. Dubi yadda ya jera abubuwan da yake da-na-sani a kansu hawa-hawa kamar bene, ɗakin otal ɗin yana can ƙasan ƙasa, kullum sai ya sauka ya sake leƙawa. Dubi yadda yaran nan biyu ke wasa a ciyawa sun ba shi baya, ya kasa ganin fuskokinsu. Duk wanda ya yi ci-rani a Libiya ko Legas ya bar ƙananan yara a gida ya san wannan hoton, kuma a nan fim ɗin ya taɓa ni ƙwarai. Amma barin laifi fa? Abin da ya yi wa Mal shi ya sake yi wa Fischer, da gangan, a kan lada. Ya ƙera masa sulhun ƙarya da ubansa da ya rasu, ya shafa wa amintaccen gidansu Browning kashin kaji, Fischer ya farka yana jin ya sami waraka alhali an yi masa sakiyar da ba ruwa. Mayar da haƙƙi kuwa, gaskiya ne Cobb ya furta laifinsa a ƙarshe, sai dai ga wa? Ga inuwar da zuciyarsa ta ƙaga, wadda shi da bakinsa ya ce mata ba ita ce matarsa ba. Surukinsa Miles, uban Mal, yana nan da rai, shi ne ma ya tarbe shi a filin jirgi, amma ba a nuna mana ya durƙusa gabansa ya faɗi abin da ya aikata ba. Tuhumar kisan kuma waya ɗaya Saito ya buga daga kujerarsa ta jirgi, ta bi ruwa.

Za a iya cewa na matsa wa fim, don ba wa'azi Nolan ya zo yi ba. Na yarda, kuma ban ce a daina kallo ba, ni kaina na kalle shi ya fi sau uku. Amma shi ne ya ɗora labarinsa a kan laifi da kuɓuta, dole a tambaye shi da me aka kuɓuta. Amsarsa ita ce mai laifi ya yafe wa kansa, ya juya wa katantanwa baya ya rungumi 'ya'yansa. A Sae Sabuwa ba a kiran wannan yafiya, domin mai haƙƙi ne ke yafewa.

Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 800, ya ci kyautar Oscar huɗu, duka a fannin ɗaukar hoto, sauti da dabarun kwamfuta. An sa shi takarar rubutun labari, bai samu ba.