Kati Mai Miƙewa: Nazari a kan Sana'ar Yanka da Ninke Kwali

Ka ɗauki kati a rufe, shafal, ba shi da bambanci da katunan gayyatar biki da ake raba mana. Kana buɗe shi sai ga gini ya taso daga tsakiyar shafin, da ƙofarsa da tagoginsa da matakalarsa. Ka rufe, ginin ya durƙusa ya kwanta, ko gefensa bai leƙo waje ba. Yaro buɗewar ce ke ba shi sha'awa. Amma duk wanda ya taɓa zama da reza da gam ya gwada haɗa irin wannan kati, rufewar yake tsura wa ido, domin a nan aikin yake. Tsayar da abu da kwali ba ya gagarar kowa, yaranmu ma suna ƙera mota da kwalin sukari har da tayoyinta. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne a sa ginin ya kwanta da kansa, ya sake tashi, sau ɗari, bai yage ba, bai maƙale ba.

Sana'ar tana farawa ne daga sanin halin kwalin. Takardar da muke bugawa a ofis nauyinta giram 80 ne a kowane murabba'in mita. Kwalin kati yana kamawa daga wajen giram 160 zuwa 300. Wanda bai kai haka ba langwaɓewa yake yi, wanda ya wuce kuma ba ya son ninki, in an matsa masa sai bayansa ya tsage, farin cikinsa ya bayyana kamar faso a dunduniya. Bayan nauyi akwai abin da ido ba ya gani. Takardar da inji ya yi tana da jijiya, wato zarurrukan da ke cikinta sun fi kwantawa ta fuska ɗaya, fuskar da injin ya ja su. Ka lanƙwasa kwali ta tsaye, ka sake lanƙwasa shi ta kwance, za ka ji wani ɓangaren ya fi saurin yarda. Ninkin da ya bi jijiya yana fitowa sumul, wanda ya gitta ta kuwa sai an lallaɓa shi. Shi ya sa masu wannan aiki ba sa ninke kwali kai tsaye. Sai sun ɗora rula sun ja layi da wani abu marar kaifi, su danne zarurrukan ba tare da sun yanke su ba. A Turai da ɗan ƙashi da aka goge ake yi. Biron da tawadarsa ta ƙare ma yana yi, kuma ban ga inda ƙashin ya fi shi ba sai daɗin riƙo.

Abin mamaki shi ne duk yawan gine-gine da dodanni da furanni da ake tayarwa daga shafi, kusan dukkansu jikokin ninki biyu ne. Na farko shi ne matakala. Ka ninke kati gida biyu, ka yi tsagu biyu masu tsawo ɗaya daga wajen ninkin, ka tura ɗan yankin da ke tsakaninsu ciki. In ka buɗe katin rabi, wato shafi ɗaya a kwance ɗaya a tsaye kamar daɓe da bango, sai ka ga ɗan dakali ya fito. Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma ba ta da sassauci: tsayin fuskar dakalin dole ya yi daidai da nisan da ke tsakanin tsakiyar kati da inda dakalin ya kama bango, faɗin samansa kuma ya yi daidai da nisan inda ya kama daɓe. Aka sami kuskuren milimita biyu, katin ba zai rufu ba sai ya haifar da wani ninki inda ba a nema ba. Na biyu shi ne ninkin kusurwa. A nan wani yanki daban ake yankowa, a ninke shi a tsakiya, a manna ƙafafunsa biyu a kan shafukan biyu su haɗu a tsakiyar kati kamar bakin almakashi a buɗe. Wannan sai an shimfiɗa katin gaba ɗaya yake miƙewa, kuma buɗewar hannun mai karatu ita ce injinsa. Babu zare, babu roba. Sauran duk ɗori ne: a hau da matakala kan matakala, a dasa ƙaramin ninkin kusurwa a cikin kwarin da babba ya samar, kowane sabon kwari ya zama tushen wani motsi.

Ba da wasan yara aka fara ba. A ƙarni na 13 wani malamin coci a Ingila, Matthew Paris, ya maƙala faifai mai juyawa a littafinsa don lissafin ranakun bukukuwan addini, mai karatu ya juya faifan maimakon ya yi ta juya ƙaton littafi. A 1540 Petrus Apianus ya fitar da littafin ilmin taurari a Jamus mai faya-fayan takarda a jere bisa juna, ana murza su a gano matsayin taurari. A 1543 kuma Vesalius, masanin sassan jikin ɗan'adam, ya buga shafukan da ɗalibi zai yanke ya manna da hannunsa, ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana ganin abin da ke cikin jiki. Takarda mai motsi ta daɗe tana hidimar malamai kafin ta koma hannun yara.

Wanda ya kai ta ƙololuwa a ƙarni na 19 shi ne Lothar Meggendorfer, mutumin Munich, an haife shi a 1847 ya rasu a 1925. Shi gwanin ɗan harshen da ake ja ne. Ka ja kwali ɗaya a ƙasan shafi, sai hannun mai goge da ke cikin hoton ya motsa, kansa ya gyaɗa, idonsa ya juya, duk a tare, saboda a bayan shafin ya jera sandunan kwali da ya haɗa da ƴan ƙananan wayoyi da aka naɗe. Sai dai nasa sai an ja. Hoton da ke tashi da kansa da zarar an buɗe shafi ya yaɗu ne daga 1929, da littattafan da S. Louis Giraud ya fitar a Ingila. Sunan da Turawa ke kiransa da shi yau, pop-up, kamfanin Blue Ribbon na New York ne ya fito da shi kasuwa a 1932.

A ganina babu wanda ya fahimci wannan sana'a kamar Vojtěch Kubašta, wanda ya yi aikinsa a Prague, ya rasu a 1992. Ilmin zanen gini ya karanta, kuma yana aiki ne ƙarƙashin mulkin gurguzu, da kamfanin gwamnati mai suna Artia wanda ke sayar da littattafan a ƙasashen waje. Kwalinsa ba na alfarma ba ne. Amma ka buɗe ɗaya daga littattafan tatsuniyoyinsa ka duba da kyau: yawancin abin da ya taso daga jikin shafin aka tsaga shi, ba ɗauko shi aka yi aka liƙa ba. Daji mai zurfi, gida a tsakiya, yarinya a gaba, duk daga kwali ɗaya da ƴan tsagu. Inda ya yanke wani abu ya tayar, gurbin da ya bari ba ya zama rami marar amfani, sai ya mai da shi ƙofa ko inuwa. Ƙarancin kayan aiki ya koya masa tattali, tattalin kuma ya zama salonsa.

Wannan tattali ya sami wani magaji a Japan. Masahiro Chatani, farfesan zanen gini a Tokyo, ya fara yanka katunan gaisuwa a farkon shekarun 1980, farin kwali ɗaya tak, babu launi, babu gam a yawancinsu. Tsagu da ninki kawai, sai haske ya ƙarasa aikin: in ka juya katin kusa da taga, inuwar matakalu tana sauyawa kamar ginin gaske da hantsi da la'asar. Littattafan samfurin da ya buga su ne suka kai wannan fasaha gidajen mutane a ƙasashe da yawa, kowa ya kwafi layukan ya gwada da rezarsa.

Wani reshen sana'ar kuma ya bi hanyar yawa. Robert Sabuda na Amurka ya fitar da labarin Oz a 2000, inda guguwa ke tashi tana juyawa yayin da ake buɗe shafi, ya biyo da labarin Alice a 2003, inda katunan karta ke tashi sama su yi baka. Ba na musun gwanintar, duk wanda ya san wahalar sa ɗan dakali ɗaya ya kwanta daidai zai sara masa. Amma in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Littafin yara da ake ajiyewa saman kabad, ana cewa yaro kada ya taɓa, sai babba ya buɗe masa daga nesa, ya bar aikinsa na littafi ya koma kayan ado. Labarin ma yakan maƙale a ƴan ƙananan shafuka a gefe, kamar baƙon da aka gayyata aka manta da shi.

Akwai wani zance da ba a cika yi ba, zancen hannu. Ana buga waɗannan littattafai da inji, ana yanka gutsattsarinsu da inji, amma haɗa su sai mutum. Kowane ɗan harshe sai an shafa masa gam an danna shi a gurbinsa, kwafi bayan kwafi. Tun da Waldo Hunt ya farfaɗo da kasuwar a Amurka daga shekarun 1960, an daɗe ana wannan haɗi a Cali ta ƙasar Kolombiya, a kamfanin Carvajal, kafin aikin ya koma ƙasashen Asiya kamar Sin da Tailan. Ɗauki littafin Haunted House na 1979. Mai zanen hotunansa, Jan Pieńkowski, ya karɓi lambar yabo ta Kate Greenaway. Wanda ya tsara motsin, Tor Lokvig, sai mai bincike ke sanin sunansa. Waɗanda suka zauna a layi suka manna kowane jemage da kowace ƙofa kuwa babu sunansu a ko'ina. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Idan aka ce da hannu aka yi abu, ya kamata a tambaya: hannun wa?

Mu ma ba baƙin takarda ba ne, ko da yake hanyarmu daban. Malamanmu sun yi ƙarnuka suna rubutu a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku da fatake ke ketowa da ita Sahara, suna barin warƙoƙin a warware, a haɗa su tsakanin tadarishi, a sa a gafaka. Kwali a wurinmu mai gadin rubutu ne, ba a nemi ya yi motsi ba. Amma wanda ya iya auna zayyana a kan allo, ya raba fili daidai ba tare da layi ya kauce ba, ya riga ya mallaki rabin abin da kati mai miƙewa ke bukata. Sauran rabin sanin yanayi ne, don kwali yana jin iska: da hunturu yakan bushe ya yi saurin tsagewa a ninki, da damina ya sha laima ya yi laushi, farin gam mai ruwa-ruwa kuma ya sa shi kumbura in an cika shi.

Yanzu inji ya shigo ɗaki. Tun 2006 ake sayar da na'urar Cricut, ƴar ƙarama da ke zama a kan tebur tana yanka kwali bisa zanen da aka ba ta, kamfanoni kamar Lovepop, wanda wasu masu ilmin ƙera jiragen ruwa biyu suka kafa a 2014, suna yanka nasu da hasken lesa a haɗa su a Biyetnam. Wasu masu sana'ar suna ganin wannan ya kashe ta. Ban yarda ba, amma na ga abin da ya rage mata. Yankan da ke cin yini guda da reza yanzu minti kaɗan ne, kuma ba ya karkacewa. Sai dai mutum yana iya sayen zane a intanet, ya danna maɓalli, ya haɗa kati mai kyau, bai taɓa sanin dalilin da ya sa ya tashi ba. Ranar da wani yanki ya maƙale, ba shi da abin yi sai ya sake yankawa.

Masu tsara motsin na gaske har yau da farin samfuri suke farawa, ko da kwamfuta na gabansu. Su yanka farin kwali babu hoto babu launi, su manna, su buɗe, su rufe a hankali suna leƙe ta gefe don ganin wane yanki ne ke gogar wani, wane ne ya leƙo waje. Su rage milimita ɗaya a nan, su matsar da ɗan harshe can, su jefar da wannan su yanka sabo. Sai samfurin ya kwanta lafiya sau da yawa a jere sannan ake warware shi, a shimfiɗa gutsattsarinsa, a miƙa wa mai zane ya sa musu launi.